Ban Yi Sebin Ba

Salamu alaikum mutanen kirki. Kwana tara ban leƙo shafin nan ba, na kuma ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta rubuto tana tambaya ko an kai ni ɗaki ne ban gayyace ku ba. 'Yar uwa, ina ma haka ne. Abin da ya ɓoye ni abu ne da nake jin nauyin faɗa, amma tunda ban saba ɓoye muku komai ba, ku gyara zama.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Fadila, gidanmu yana Kambarawa cikin Katsina, shekarata ashirin da shida. Aikina haɗa kwamfutoci da kyamarori da talabijin su riƙa magana da juna. Ni ce wadda za ku gani a ofisoshin GRA da hijabi ruwan toka da takalmi sau-ciki, jakar kebul a kafaɗa, wani lokaci a saman tsani. Akwai kuma Salihu, yayan ƙawata Safiya, malamin lissafi a wata sakandare. Wata takwas ke nan yana son turo manya gidanmu, mahaifiyarsa Hajiya Kulu tana cewa a dakata. Ba ta taɓa cewa ba ta so na ba. Abin da ya dawo kunnena shi ne ta ce ba ta san yadda za ta amince wa yarinyar da ke yini cikin maza tana hawa bango ba. Bango fa, jama'a! Tsani ne, amma wa zai je ya gyara mata?

Mahaifinsu shi ne mai goyon bayanmu, sai Allah ya yi masa rasuwa saura sati bakwai bikin Safiya. Yana kwance ya bar wasiyya cewa ko ya cika kada a ɗaga auren. Aka bi maganarsa, amma aka rage komai: ba makaɗa, ba zuwa wurin taro, ɗaurin aure ranar Asabar da safe, mata su yi yini a tsakar gidansu na Ƙofar Kaura, shi ke nan. Hajiya kuwa tana takaba. Ba kwalliya, ba turare, ba zama cikin taron biki, ga ɗakinta can ƙarshen gida, tagarsa ma ba ta kallon tsakar gida. Autarta za ta yi aure a gidan da take zaune, ita ba za ta gani ba.

Ranar Laraba ina cin abincin rana saƙon Salihu ya shigo.

"Na samu Hajiya tana kuka ɗazu. Ba yadda za a yi ta ga yinin daga ɗakinta?"

"Akwai," na rubuta. "Kyamara ɗaya a tsakar gida, in tura hoton talabijin ɗinta."

"Da sharaɗi fa. Dangin ango gidan malamai ne, matansu ba sa fita. Hajiya ta yi wa uwar ango alkawari ba mai hoto, ba ɗauka da waya, ba namijin da zai ga komai. A kan haka suka yarda za su zo."

"Ita kaɗai za ta gani. Ka manta da wa kake magana?"

Ya turo min hoton fuska mai dariya da zuciya guda biyu. Ni kuwa na ajiye cokali, don nan take na gane me ya faɗo hannuna. Aikin da aka raina ni saboda shi, shi ne zai share wa Hajiya hawaye. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba tausayi kaɗai na ji ba, har da ɗan girman kai.

Umma ba ta ga abin haka ba. Tana tankaɗe a tsakar gida na faɗa mata, ta tsaya da rariya a hannu.

"Ke Fadila, mi za ki yi gidan mutanen da ba su karɓe ki ba?"

"Aiki, Umma. Kuma ai bikin Safiya ne, dama zan je."

"Aiki! Wanga aiki naki shi ya hana su zuwa, shi kuma za ki ɗauka ki kai masu har gida?" Ta ci gaba da tankaɗe da ƙarfi, gari yana tashi. "Ni dai na hwaɗa maki, zuwa bayan babbar salla. In ba su turo ba ki sallami yaron nan. Jiya gidan suna mutum uku sunka tambaye ni, na rasa inda zan sa kaina."

Ba faɗa take yi ba, tsoro take ji, na kuma sani.

Ranar Juma'a da hantsi na isa Ƙofar Kaura, hannuwana sun sha lallen da aka yi mana jiya, baƙi da ja har gwiwar hannu, ga jakar aiki a kafaɗa. Mata suna gyaran kaji suna bin jakar da kallo. Na ɗaure kyamarar a jikin ginshiƙin baranda, inda za ta ɗauko tsakar gidan gaba ɗaya, na ja kebul ta bayan labule zuwa wani ɗan sito da ke ƙarƙashin bene. Can marigayi ya sa aka girke masa kayansa, don shi mutum ne mai son labarai. Dikoda ɗaya ce ke raba tashoshi zuwa talabijin bakwai na gidan, duk ta cikin wani akwati da muke kira suwic.

Bari in ɗan yi muku bayani, kada wata ta ce Fadila ta fara turancinta. Suwic akwati ne mai ramuka ashirin da huɗu, kowane kebul na gidan da raminsa. Hoton talabijin irin wannan ba a aika wa kowa nasa daban, sau ɗaya ake sako shi, duk mai so ya ɗiba. Mu a wurin aiki maltikas muke ce masa. Matsalar ita ce suwic ɗin da ba a koya wa hankali ba, in irin wannan hoton ya shigo masa, kowane rami yake tura wa. Kamar yarinyar da aka ba rabon abincin biki ba a faɗa mata ɗakunan ba, sai ta bi ƙofa ƙofa tana ajiye kwano, har da ɗakin da ba kowa. Na gidan su Salihu haka na same shi, tun da aka saye shi ba wanda ya taɓa shiga cikinsa.

Na zauna a kan wani buhun gero, na jona laftof ɗina, na fara. Aikin hawa biyu ne. Na farko na kunna masa sauraro, ya riƙa lura da wace talabijin ce ta nemi hoto kafin ya ba ta. Wannan kaɗai bai isa ba, don in talabijin ɗin falon maza ta nema, zai ba ta. Sai na biyu, shi ne ainihin shingen. Na ba hoton tsakar gida lambarsa ta daban, na rubuta doka cewa rami na bakwai, wato ɗakin Hajiya, shi kaɗai aka yarda ya karɓi wannan lambar. Sauran ramukan na bi su ɗaya bayan ɗaya na hana su, har waɗanda ba a jona komai ba, don na san halin gidan biki, wani zai zo ya soka abin da ba a sa shi ba.

Akwai wani abu kuma da na yi don kyautatawa. Safiya ta ce min Hajiya ba ta iya rimot ba, marigayi Alhaji ne ke canza mata tasha. Sai na sa hoton a tasha ta ɗaya, wadda kowace talabijin ke buɗewa da ita in an kunna. Jerin tashoshin gidan ɗaya ne ga kowa, na sani, amma ban damu ba, ai ga shinge na kafa.

Na tura wa Salihu saƙo. "Kana falo? Kunna, ka sa tasha ta ɗaya."

"Baƙi ƙirin, ba komai."

"Je ɗakin baƙi."

"Nan ma haka. Ke fa mayya ce."

"Injiniya dai. Gyara bakinka."

Safiya kuma ta leƙa ɗakin Hajiya ta dawo da gudu tana cewa ga kaji nan ana figa tar a talabijin, har Hajiya ta gane ƙanwarta daga ɗaurin ɗankwali. Saura abu ɗaya ya rage min. Suwic ƙwaƙwalwa biyu gare shi, akwai abin da yake aiki da shi yanzu, akwai abin da yake farkawa da shi in wuta ta ɗauke ta dawo. Duk abin da ka rubuta, in ba ka yi sebin ba, wato ka adana shi a ta biyun, a ta farkon yake zaune, da an kashe ya tafi. Layi ɗaya ne, ko daƙiƙa biyar ba ya ci. Na ɗora yatsuna ke nan Safiya ta dafa ni.

"Taso, Hajiya na kiranki."

"Minti ɗaya."

Ta zaro ido. "Minti ɗaya? Kin taɓa jin an ce wa Hajiya minti ɗaya? Wata takwas kina jiran kiran nan, yau za ki ce ta jira ki?"

Ku faɗa min tsakani da Allah, wace 'yar Katsina ce uwar saurayinta za ta aiko kiranta ta tsaya danne-danne? Kafin in yi tunani na miƙe, ina gyara hijabi, ina goge garin gero daga siket. Safiya ta rufe laftof ɗin ta zare kebul ta ce za ta ajiye min a ɗakinta. A raina na ce in na fito zan dawo in ƙarasa.

Ɗakin Hajiya ba ƙamshin komai sai na sabulu. An sauke labulaye masu ado, an naɗe kafet, tana zaune kan darduma da farin hijabi da ya sha wanki, carbi a hannu. Ta rame. Na durƙusa tun daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa.

"Ina wuni, Hajiya."

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya."

"Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta."

"Amin, amin. Ya mutan gidan? Ya uwar taki, ƙafar ta yi sauƙi?"

Ashe ta san Umma na ciwon ƙafa. Muka yi ta gaisuwa, ta tambayi yayyena ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka kawo fura ta ce sai na sha. Wa ya isa ya ƙi? Na sha ina kallon tabarma. Can ta nuna talabijin da carbinta.

"Wanga abu da kika yi, na gode. Amma ina son in ji daga bakinki. Uwar ango shekara talatin ba namijin da ya ga wuyanta in ba muharraminta ba. Ni na ce ta zo, na ce gidana kamar ɗakinta ne. Kin tabbata ni kaɗai ke gani?"

"Ke kaɗai, Hajiya. Na toshe ko'ina, mun gwada."

"Kin yi mani alkawari?"

"Na yi miki alkawari."

Ta daɗe tana kallona, ina jin idonta a tsakiyar kaina. Sai ta ce, "To Allah ya yi maki albarka, ɗiyata."

Ɗiyata! Jama'a, ban san yadda na fito daga ɗakin nan ba. Na ɗauki jakata a ɗakin Safiya, na hau Keke, har Kambarawa ina murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Na faɗa wa Umma, ta ce "Uhm," amma na ga ta ƙara min nama a miya. Sito da buhun gero da layin da ban rubuta ba, ko sau ɗaya ba su faɗo min a rai ba.

Ranar Asabar na ci ado. Ankon leshi ne ruwan zuma, ɗinkin riga da zani, na yi ɗauri mai hawa biyu, na sa sarƙar Umma ta aurenta da takalmi mai tsini wanda ban saba da shi ba. An ɗaura aure ƙarfe sha ɗaya, maza suka cika falon waje suna cin waina da miyar taushe, ƙanen marigayi, Baba Sammani, yana karɓar baƙi. Mu kuma bayan azahar tsakar gida ta cika. Wata gwaggo ta tsaya a ƙofa da kwando tana karɓar wayoyi, ni kaɗai aka bar wa tawa saboda aiki. Da aka rufe ƙofar shiga, sai mata suka saki jiki. Aka cire hijabai da mayafai aka rataye a igiya, uwar ango ta zauna a gaba da ɗankwali kawai, wata dattijuwa kyakkyawa mai yawan murmushi. Aka fito da Safiya ba lulluɓi, gwaggonni suna tafi suna yi mata waƙa a hankali saboda rasuwa. Nakan ɗaga kai in kalli kyamarar, in tuna Hajiya na can tana gani, sai in ji daɗi ya rufe ni.

Wajen ƙarfe uku da rabi aka ɗauke wuta. Fankoki suka tsaya, mata suka yi "Ahh," aka ci gaba da tafi. Ba a jima ba janareta ya tashi. Ina riƙe da faranti ina raba cincin, na ga ɗan koren hasken kyamarar ya dawo, har na ce a raina madalla. Na ƙara ba mutum biyu cincin. Sai wayata ta yi motsi a cikin zani, saƙon Salihu ne.

"FADILA TALABIJIN ƊIN FALO"

Ba alamar tambaya, ba komai. Ban buƙaci ƙarin bayani ba. Buhun gero, hannun Safiya a kafaɗata, murfin laftof yana rufuwa, duk suka dawo min lokaci ɗaya. Suwic ya mutu ya farka ba shinge, talabijin ɗin falo ta farka a tasha ta ɗaya.

Sito yana da nisa, laftof yana ɗakin Safiya, kyamara kuwa ga ta nan. Na ajiye faranti a cinyar wata baiwar Allah, na fizgi kujerar roba, na watsar da takalma, na haye. Ban kai ba. Na taka hannun kujerar na kama ginshiƙi, zanina yana neman kwancewa, na miƙa hannu na fizge kebul ɗin har ƙarfen ya yanke ni a yatsa. Hasken ya mutu. Da na waiwayo, tafi ya tsaya, mata sun fi sittin duk ni suke kallo, ina tsaye a sama cikin leshi ba takalmi.

"Lahiya, 'yan mata?" in ji uwar ango.

"Lafiya lau, Hajiya. Wuta ce ta taɓa shi, zan gyara."

Ta yi min murmushi ta ce in sauko a hankali kada in faɗi. Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Na ɗauko laftof na shige sito na ja ƙofa. Jini yana ɗiga a kan madannai, na sake rubuta komai daga farko: sauraro, lamba, rami na bakwai, hani a kan sauran. Na yi sebin. Na sake yi. Na kashe suwic ɗin da hannuna na kunna, na jira ya farka, na duba na ga shingen yana nan. Sannan na kira Salihu.

"Su wa suka gani?"

Muryarsa ƙasa ƙasa, ina jin ya fita waje. "Kwantar da hankalinki."

"Salihu, su wa suka gani?"

"Mutum goma sha ne a falon. Yawanci suna cin abinci, ba su lura ba. Baba Sammani ne ya fara gani, ya miƙe ya tsaya gaban talabijin ɗin ya baza babbar rigarsa, ya ce a tashi a yi haramar la'asar. Ni kuma na zare wayar wuta."

"Minti nawa?"

"Bai kai biyu ba."

"An ga fuskoki?"



"Mutum uku ko huɗu," ya ce. "Duk 'yan uwanmu ne, ba dangin ango. Baba Sammani ya ce maganar ta mutu a nan, duk wanda ya fitar da ita bai yafe ba. Fadila, ki saurare ni. Ba wanda zai ji. Kada ki ce komai, kin ji? Ki bar min sauran."

Na ce to. Na zauna a kan buhun na yi kuka mai isata, ba sauti, ina danne ido da gefen ɗankwali kada kwalli ya zubo. Ba tsoron asirina ya tonu ne ya fi ci na ba. Dattijuwar nan ce da ta cire hijabinta saboda an ce mata gidan kamar ɗakinta ne. Na fito na mayar da kebul, Salihu ya tabbatar min falo baƙi ƙirin, aka ƙarasa yini lafiya. Na yi dariya inda ake dariya, na ci abin da aka ba ni ban ji ɗanɗanonsa ba.

Bayan la'asar sosai, baƙi sun fara neman mayafansu, Safiya ta raɗa min cewa Hajiya na son ganina kafin in tafi. Na tsaya a bakin ƙofarta na karanta saƙon Salihu da ya shigo.

"Komai ya wuce. Ki yi murmushi kawai. Gobe zan sa Baba Sammani ya yi wa Hajiya maganarmu, yau tana cikin farin ciki."

Na shiga na durƙusa. Idon Hajiya ya kumbura, amma fuskarta a sake take, ban taɓa ganinta haka ba.

"Na ga ɗiyata," ta ce. "Na ga sanda anka hiddo ta, na ga gwaggonninta na yi mata waƙar da anka yi mani. Ke kika ba ni wanga. Har na gan ki kin taho da gudu kin haye kujera, sai hoton ya ɗauke." Ta ɗan yi dariya. "Ashe da gaske ne kina hawa."

Na yi ƙoƙarin murmushi, bai fito ba.

"Mi ya samu yatsan?"

"Ƙarfe ne ya yanke ni."

"Sannu. To alhamdu lillahi, an yi lahiya an gama lahiya, alkawarina bai tashi ba. Gobe in uwar ango ta aiko, in ce mata ta ga dai gidana."

Ga ƙofar tsira a buɗe, jama'a. Ba ta ma tambaye ni ba. In ce amin, in tashi, gobe a yi maganar aurena, Umma ta huta da tambayar gidan suna. Na san da yawanku za ku ce abin da ya kamata in yi ke nan, wataƙila ma kun fi ni gaskiya. Amma sai na hango ta gobe tana faɗa wa dattijuwar nan maganar da ba haka take ba, da bakinta, tana cikin takaba, saboda ni. Na kasa.

"Hajiya, alkawarin ya tashi."

Carbin ya tsaya a hannunta.

"Da aka ɗauke wuta, abin da na toshe ya buɗe. Hoton ya fita a falon maza, bai kai minti biyu ba. Baba Sammani ya tare da rigarsa, amma mutum uku ko huɗu sun gani. Ba laifin wuta ba ne, ba na na'ura ba ne. Akwai abu ɗaya da ya kamata in ƙarasa jiya ban ƙarasa ba, na kuma yi miki alkawari ban koma na duba ba. Laifina ne ni kaɗai. Ki yafe min."

Hawayena suna sauka a kan tabarma ina kallonsu. Na jira faɗa, na jira ta ce in fita. Da ta yi magana, muryarta a hankali take, kuma ba abin da na zata ta faɗa ba.

"Salihu ya shigo nan ɗazu."

Na ɗago kai, karo na farko da na taɓa kallon cikin idonta.

"Na tambaye shi mi ya sa hoton ya ɗauke. Ya ce kebul ne ya kwance. Na ce ba wanda ya gani? Ya ce babu. Na ce ya rantse, ya rantse mani." Ta ajiye carbin a kan darduma. "Tunda na haife shi bai taɓa yi mani ƙarya ba, ko yana yaro in ya yi ɓarna shi ke zuwa ya hwaɗa."

"Hajiya, don ya kare ni ne, ba..."

Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Na sani don ke ne. Abin da nike dubawa ke nan. Ke da ban haifa ba kin hwaɗa mani gaskiya, wanda na haifa ya rantse mani kan ƙarya saboda ke. Ban san wanne zan ɗauka ba cikin biyun." Ta share ido da gefen hijabi. "Tashi ki tahi gida, magariba ta kusa. Ki gaida uwarki, ki ce mata in na gama takaba ina son ganinta, ita kaɗai."

Na fito, takalma a hannu, jakar aiki a kafaɗa. Na bi ta ƙofar baya don kada in haɗu da kowa. Ina tsaye bakin titi ina jiran Keke wayata ta haska, Salihu ne.

"Hajiya ta aiko in zo yanzu. Ta ce in taho da Baba Sammani."

Kafin in gama karantawa wani ya biyo.

"Fadila, me kika faɗa mata?"

Yau kwana tara ke nan. Na rubuta amsa ta fi sau ashirin ina gogewa, shi kuma bai sake turo komai ba.